Zawon jini ya shigo wa 'yan kwikwiyo, ina ake samun allura mai kyau?

Mai Gadin Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum 'yan zaure. Zawon jinin nan ya shigo unguwa, kwikwiyo sai amai da zawo mai ƙarni, kwana biyu ya mutu. Ina ake samun allurar rigakafi ta gaske a cikin Katsina?

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam. Alamun fabo ne ka faɗa, wato parvo, ƙwayar cuta mai kama hanjin karnuka, amma a kai kashin a gwada, minti goma ne. Allurar ita ce DHLPP, rigakafin da ya haɗa fabo da wasu cututtukan karnuka. Ta farko yana sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4, ta ƙarshe kada ta gaza sati 16. Sannan a ƙara ɗaya in ya shekara. Nan mutane ke faɗawa rami: su yi guda ɗaya su ce an gama. Kariyar da ya sha a nonon farko na uwarsa tana iya kashe ƙarfin allurar, kuma ba a san ranar da za ta gushe ba, shi ya sa ake maimaitawa. A fara ba shi maganin tsutsar ciki kamar sati ɗaya kafin nan. Wanda ya riga ya kwanta ba a yi masa allurar.

Baban Farauta: Likita, wannan ai ciwon karnukan Turawa ne. Namu na gida ko ƙashin jaki suka ci lafiya lau.

Likitan Dabbobi: Baba, Allah ya ja kwana, Rottweiler da Doberman sun fi jigata, gaskiya ne. Amma na gida ma tana kashe su, sai dai a ce mayya ce ko guba aka ba su.

Ɗan Daura: Baba ba ya son fidda kuɗi ne kawai, ku bar shi.

Baban Farauta: Kai yaro, zomo nawa ka taɓa kamawa?

Hajiya Mai Kemis: Ku tsaya, maganar inda za a saya ta fi. Kada a duba kwalin, a duba firij. Allurar nan tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba zafi, ba ƙanƙara. Shagon da wuta ta ɗauke tun jiya kuma ba sola ba janareta, ruwa kawai za a sayar maka. Kwalba biyu ce, ta gari da ta ruwa, in an haɗa a yi ta nan take, kada ta wuce awa ɗaya. Mai yawo da ita a aljihun babur cikin ranar Afrilu, a gode masa ya wuce. Kuma a sa likita ya ɓare takardar jikin kwalbar ya manna a katin karen.

Mai Gadin Ƙofar Ƙaura: To gidan da aka yi mutuwar fa? Dettol ya isa?

Likitan Dabbobi: Bai isa ba, Izal ma haka. Hypo ko Jik, awo ɗaya a ruwa awo 30. A fara kwashe kashin a wanke da sabulu, sannan a zuba, a bari minti goma. Kwanon abinci, sarƙa, har ƙasan takalmi, don a takalmi take shiga gida. Siminti yana wankuwa, amma tsakar gida mai ƙasa, musamman gefen inuwa, ƙwayar tana yin watanni har shekara. Kada a kawo sabon kwikwiyo wurin sai ya gama alluransa da sati biyu.

Ɗan Daura: Wanda ya kamu a ba shi Flagyl da ruwan gishiri da sikari.

Hajiya Mai Kemis: Yana amai ta ina zai zauna? Ƙarin ruwa ta jijiya yake so, da allurar tsai da amai da ta kashe ƙwayoyin cuta. Ƙarewar ruwa ce ke kashe su. Kuma don Allah ban da farasitamol da ibuprofen.

Uwar Biyu: Tana kama yara?

Likitan Dabbobi: A'a Hajiya. Ta haukan kare ce ke kama mutum, allurarta daban, a wata uku.

Baban Farauta: Ita wannan na yarda da ita. Wai akwai mai karya 'yar Azbin da ta kusa haihuwa? Ina son namiji.