Ƙarfe a cinyar Auta: a sa ko a kai shi ɗori?

Babban Yaya: Salamu alaikum. Likita ya duba hoton Auta. Ƙashin cinya ne ya karye gida biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya, amma fata ba ta fashe ba. Sun ce sai an yi tiyata an zura ƙarfe ta cikin ɓargo. Baba ya ce a ji ta bakin kowa kafin ya sa hannu.

Kawu: Allah ya ba shi lafiya. Ni maganata ɗaya ce, wanda aka sa wa ƙarfe ya rabu da lafiya ke nan. Ƙarfe tsatsa yake yi, a waje ko a jiki. Ku ɗauko yaron nan mu kai shi gidan ɗori. Ni da na karye a hannu ina yaro, kara da tsumma aka ɗaure min, ga ni yau shekara talatin ina tuƙi da shi.

Gwaggo: Kuma an ce tsawa tana bin mai ƙarfe da damina.

Anti Nas: Gwaggo, da haka ne da duk damina sai an yi jana'izar rabin waɗanda suka kwanta a Asibitin Ƙashi na Dala. Tun 1959 asibitin yake nan. Kawu, Allah ya ƙara girma, ba irin rodin gini ba ne. Ko dai taitaniyam, ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa irin na almakashin tiyata. Sannan hannun yaro daban, cinyar ɗan shekara 24 daban. Naman cinya yana da ƙarfi, shi yake jan ƙashin ya hau kan juna. Kara ba zai iya riƙe shi ba. Zai haɗe, amma a gajarce, Auta ya ƙare da ɗingishi.

Kawu: To kafin ƙarfe ya zo, haka kowa ya gurgunce?

Anti Nas: Da yawa sun gajarce, wallahi. A asibiti ma a da, nauyi ake rataya wa ƙafa mutum ya yi wata biyu zuwa uku a gado, bayansa ya yi gyambo. Wani likitan Jamus, Gerhard Küntscher, shi ya fara zura irin wannan ƙarfen a garin Kiel a 1939. Da sojojin Amurka da aka kama a yaƙi suka koma gida a 1945, likitocinsu suka ɗauki hoto suka ga ƙarfe a cinya, mutum kuma yana takawa, mamaki ya kama su. Yanzu cikin 'yan kwanaki ake tashin mutum da sanda.

Ɗan Indiya: Anti, kin faɗi daɗin, ki faɗi ɗacin. Lokacin da nake jinya a Indiya na ji labarin ƙugun roba da ƙarfe na kamfanin DePuy, samfurin ASR. A 2010 aka janye shi daga kasuwa bayan an sa wa mutum kusan 93,000 a duniya, wajen 4,700 a Indiya kaɗai. Ƙarfe yana gugar ƙarfe, garin kobal da kuromiyam, ƙarafan da aka ƙera shi da su, yana shiga nama da jini. Mutane da yawa sai da aka sake farke su. To Kawu bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Anti Nas: Gyara, wannan ba roba a ciki, ƙarfe ne kan ƙarfe, shi ya jawo matsalar. Amma gaɓa ce mai juyawa duk takun da ka yi. Na Auta a zaune yake cikin ƙashi, kusoshi sun kulle shi sama da ƙasa, ba ya gugar komai.

Gwaggo: To ɗan maƙwabciyata fa? An sa masa farantin ƙarfe a ƙwauri a wani asibiti, shekara guda wajen yana zubar da mugunya. Ƙarshe cirewa aka yi.

Anti Nas: Wannan shi ne abin tsoron na gaskiya, ba tsatsa ba. Ƙarfe ba shi da jini, in ƙwayoyin cuta suka samu suka manne a jikinsa sai su yi wani yauƙi su lulluɓe kansu, maganin da ake sha ko allura ba ya kai musu sosai. Shi ya sa wani lokaci ba makawa sai an cire. Amma Gwaggo, ba shi ne wanda ƙashin ya huda fata, aka fara kai shi ƙauye ana shafa masa man shanu sati uku ba?

Gwaggo: Shi ne.

Anti Nas: To ciwon ya riga ƙarfen shiga. Karayar da fata ba ta buɗe ba, kamar ta Auta, ba kasafai take kamuwa ba. Mai buɗaɗɗen rauni, mai suga, mai shan taba, su ne a gaba. Sauran abin da zai iya faruwa ban ɓoye ba: kusa ta karye in mutum ya yi gaggawar ɗaukar kaya, ƙashi ya ƙi haɗewa, jini ya daskare a jijiya, wasu su ji tsami da hunturu. Ni kuma abin da idona ya gani ya fi yawa shi ne yara da aka matse musu hannu da kara, ya kumbura jini ya daina gudu, aka kawo su hannu ya yi baƙi. Nan babu zancen ƙarfe, sai yankewa.

Kawu: Ba duk mai ɗori ne jahili ba. Akwai gidajen da suka gada kaka da kakanni.

Anti Nas: Ban musa ba. Targaɗe da ƙaramar tsagewa suna yi. Amma ba sa ganin cikin cinya.

Kawu: Malam, kai ka yi shiru. Mutum ya mutu da ƙarfen Nasara a jikinsa fa?

Malam: Kawu, wannan ba ta hana ba. Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Zinare da aka hana maza ke nan, lalura ta halatta. Gawa kuma ba a farke ta don ciro ƙarfe, a haka ake binnewa.

Ɗan Indiya: Ni shawarata, Yaya ka tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ƙarfen, a rubuta maka a kati. Wata rana za a nemi ya shiga na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, tambayar farko ke nan.

Babban Yaya: Na rubuta. Anti, in ya warke dole a cire?

Anti Nas: Ba dole ba. In ba ya damunsa ana bari. In zai fita sai ƙashi ya haɗe sarai, galibi bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma wata tiyatar ce da kuɗinta.

Kawu: Kun ji ko, kuɗi biyu. Ni dai ban gamsu ba, amma ɗan Babanku ne, shi zai yanke. In kun tsaya a kan asibiti, ku faɗa min abin da ya rage a kuɗin, kuma a sa sunana cikin masu ba da jini.

Gwaggo: Ni zancen tsawar nan har yanzu ba wanda ya ba ni amsa mai kyau.

Babban Yaya: Gwaggo, sai na dawo. Baba yana kira, likita ya shigo zagaye.