Tambaya kan auna shekarun duwatsun Hawayi

Salamu alaikum malamai. Ni ɗalibin ilimin duwatsu ne a Bauchi, ina lissafin yawan narkakken dutsen da matattarar zafin ƙarƙashin tsibiran Hawayi, a tekun Pasifik, ke amayarwa a shekara, ta hanyar raba girman tsibiri da tsawon lokacin ginuwarsa.

Don sanin tsawon lokacin sai an auna shekarun duwatsun, kuma awon fotasiyam da agon ne ya tsayar da ni: sinadarin fotasiyam-40 da ke cikin dutse yana rikiɗewa a hankali, wani ɓangarensa ya zama iskar agon, yawan agon ɗin da ya taru ne ke nuna shekarun dutsen. Rabin fotasiyam-40 sai shekara biliyan 1.25 yake rikiɗewa, don haka agon cikin sabon dutse kaɗan ne ƙwarai. Dutsen da kuma ya daskare a zurfin teku yakan riƙe tsohon agon, shekarunsa su fito fiye da gaskiya. Yaya ake cire wannan rarar? Ɗaya hanyar auna shekarun, wato kwatanta nau'o'in agon biyu (agon-40 da agon-39), za ta wadatar? Don Allah a taimaka mini.