Korona ce ta cinye jarina a Turkiyya, ko shugabansu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Abayoyi da kayan yara nake sarowa daga kasuwar Laleli ta Istanbul. A farkon 2021 na mayar da dalolina lira na bar su can, don a riƙa yi mini sari a saukaƙe. Lokacin dala ɗaya lira 7 da ɗoriya ce, kafin Disamba ta fita ta taɓa 18. Fiye da rabin jarina ya narke ina zaune a Kano. Kowa cewa yake annoba ce, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Korona ta tsayar da masu yawon buɗe ido a 2020, dala ta yi ƙaranci, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya kori masu zuba jari daban ne. A Maris 2021 gwamnan babban bankinsu, Naci Agbal, ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 19. Bayan kwana biyu shugaban ƙasar, Erdogan, ya sallame shi. Daga Satumba aka dinga rage ruwan alhali farashin kaya hawa yake, har hauhawarsa ta wuce kashi 85 a Oktoban 2022. Mai kuɗi yana iya jure wa cuta, tun da ya san za ta wuce. Abin da yake gudu shi ne ya kwana ya tashi ya tarar mutum ɗaya ya sauya komai don a tafa masa.

Malam Na-Zariya: A yi adalci dai. Erdogan riba, wato kuɗin ruwa, yake ƙyama, kuma ya kawo hujja da addini. Laifi ne?

Ɗan Kwari: Malam, ba haramcin riba nake ja da shi ba. Ai bai soke ta ba, rage ta ya yi gabanin zaɓe. Yana cin zaɓen 2023 ya dawo da Mehmet Simsek a matsayin ministan kuɗi, ruwan ya haura har kashi 50. Dubi Brazil ma: shugabansu na lokacin, Bolsonaro, ya kira korona 'yar mura, ya cire shugaban Petrobras, kamfanin man ƙasar, a Fabrairun 2021 kan farashin mai, hannun jarin kamfanin ya faɗi kusan kashi 20 a yini guda.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Yanzu dala nake riƙewa sai ranar biyan kaya. Ina neman wanda ya san amintaccen mai ɗauko kaya daga can kafin azumi.