Neman shawara: an ce wai tarin fuka ne a wuyan ƙanina alhali ko tari baya yi

Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara kaina ya ɗaure. Ƙanina ne ɗan shekara 24, kaluluwa ta fito masa a gefen wuya kusan wata biyu kenan, bata ciwo sosai amma ƙara girma take, ga zazzaɓi da yamma ga zufa cikin dare har sai ya canza riga, ya rame sosai abinci ma sai an matsa masa. Ya sha antibayotik bata sauka ba. An yi gwajin kaki an ce babu komai, hoton ƙirji ma lafiya lau, amma duk da haka likita yace yana zargin TB ne kuma wai sai an soka allura a cikin kaluluwar an ɗebi abin ciki, in bai nuna ba a yanko kaɗan. Toh ni abinda ban gane ba, ya za ace tarin fuka mutum ko tari baya yi kuma gwaji ya nuna babu? Mamanmu kuma ta ƙi yarda a taɓa wurin, tsoronta kar a tsokano abinda ke kwance. Mu yarda ko mu canza asibiti?

Anti nas: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya bashi lafiya. Likitan nan yana kan hanya wallahi, kar ku canza. Sunan ne yake rikita mutane, ana jin tarin fuka sai a zata dole sai da tari, alhali ƙwayar cutar tana iya barin huhu ta bi jini ta je ta zauna wani wuri daban, kaluluwa, ƙashin baya, ciki, ƙoda, rigar da ta lulluɓe huhu ko zuciya, har rigar ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu TB irin wannan ne, kuma na kaluluwar wuya yana cikin waɗanda aka fi gani. Kinga kaki daga huhu yake fitowa, in cutar a wuya take me kike so kaki ya nuna? Dole a je inda take a ɗebo.

Baban yara: Ni a ganina tunda likita ya riga ya yi zargi kawai a bashi maganin TB ɗin mana, in ya warke shikenan an huta da yanka.

Ɗan ɗakin gwaji: A'a yallaɓai, a bar wannan shawarar. Maganin TB wata 6 ake sha, kala huɗu a wata biyun farko sannan kala biyu a sauran wata huɗun, kuma yana iya taɓa hanta, ba abin gwadawa bane. Abinda ya fi damuna ma shine akwai cutar daji ta kaluluwa wadda alamominta kusan ɗaya ne da wannan, kumburi mara ciwo, zufan dare, rama, in aka ɗora mutum kan maganin TB ba tare da an duba ba a ɓata watanni ana maganin abinda ba shi bane. Wani lokacin likita kan fara magani kafin sakamako ya fito in mara lafiya ya jigata, misali wanda ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, amma ko a nan ana ƙoƙarin ɗibar samfurin tukuna.

'Yar uwa ki faɗa wa Mama allurar siririya ce, 'yan mintuna an gama ya tashi ya tafi gida da ɗan filasta a wuya. Abinda aka zuƙo, wani lokacin kamar mugunya yake fari-fari mai kauri, ana sa shi a na'urar GeneXpert, ita cikin kamar awa 2 take nuna ko akwai ƙwayar kuma ta faɗa ko ƙwayar tana jin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan TB, ko ta bijire masa. Wani kason a duba a madubin likita, wani a shuka shi a ga ko ƙwayar zata tsiro, wannan shi ke ɗaukar lokaci har sati 6 zuwa 8 saboda ƙwayar TB a hankali take girma. Sai ku sani a irin wannan TB ɗin ƙwayoyin basu da yawa a samfuri, don haka GeneXpert zai iya cewa babu alhali akwai, shi ya sa likita ya ambaci yanka tun yanzu. In har an kai ga yankan ku tambaya ko za a raba tsokar biyu, domin wadda aka zuba a formalin, ruwan da ake adana tsoka a ciki kar ta ruɓe, ƙwayar ta mutu bata shukuwa, wadda za a shuka a ruwan gishiri na asibiti ake sakawa. Abu ne ƙarami amma ina jin takaici in samfuri ya iso mana duka a kwalba ɗaya.

Anti nas: Ƙarin bayani, kar ya sake shan wani antibayotik da kansa musamman irin su ciprofloxacin da levofloxacin, suna ɗan danne TB ta lafa gwaji ya rikice. Kuma za a nemi yi masa gwajin HIV da na suga, kar ranku ya ɓaci, duk wanda ake zargin TB ana yi masa saboda ta fi samun wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Uwar biyu: Ni na yi irinta a wuya, yanzu sai ɗan tabo. Abinda ya tsorata ni shine bayan na fara magani kaluluwar ta ƙara kumbura kafin ta sauka, na koma da kuka likita ya duba yace hakan na faruwa in jiki ya fara yaƙi da ƙwayar, in ci gaba da sha. Fitsari ma zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, maganin ne.

Mai tambaya: Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta wa Mama ta ɗan sauko. Anti saura ɗaya, yarana ƙanana suna yawan shiga ɗakinsa, mu raba su ne? Kuma wani yace a yi masa gwajin fata kawai ya wadatar.

Anti nas: Gwajin fata ana karanta shi bayan awa 48 zuwa 72 amma iyakarsa ya nuna jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, baya tabbatar da cewa ita ce ta kumbura wuyan, don haka baya maye gurbin allurar. Maganar yara kuma TB ta iska ake ɗauka daga mai na huhu ko maƙogwaro, na kaluluwa zalla galibi baya yaɗuwa. Amma shi ma ai a wurin wani ya ɗauka, in akwai mai tarin da ya wuce sati 2 a gidan a kai shi gwaji, kuma ki faɗa wa likitan akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 a gidan ya duba su. In ƙaninki ya fara ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, ko ciwon baya da raunin ƙafafu, ku kai shi asibiti a ranar kar ku jira sakamako.