Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi: da wa fastonmu yake?

Mai Tambaya: Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. A wa'azin Lahadin farko ta Janairu fastonmu ya ce, "Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi," sa'an nan ya shiga maganar bege bai koma kan karin maganar ba. Da muka tashi sujada sai gardama ta kaure tsakanina da wata 'yar'uwa. Ni na ɗauka gargaɗi ne ga masu cin bashi domin bikin Kirsimeti, ita kuwa ta dage cewa wawan shi ne wanda murnarsa ta ƙare tare da bikin. Wane ne ke da gaskiya a cikinmu?

Dattijon Ikilisiya: Ɗana, 'yar'uwar taka ta fi ka kusa da gaskiya. Ka duba Luka 2:20, inda makiyayan da suka je ganin jariri Yesu suka koma suna ɗaukaka Allah. Wurin tumakinsu suka koma, cikin sanyin dare ɗaya da aikin da suka bari, kuma mala'iku ba su sake rera musu waƙa ba. Yusufu ma, bisa ga Matiyu sura 2, bayan tafiyar masanan taurari tashinsa aka yi da dare ya gudu Masar da jariri saboda Hirudus. Wanda ya zaci haihuwar Almasihu za ta ɗauke masa wahalar Janairu, shi ne bikin ya bari da bashi.

Malamar Lissafi: Baba, ka yi mini gafara, amma kada mu mai da kowane abu na ruhaniya har mu manta da kuɗin makaranta. Bashin nan bashi ne na gaske, mai shi yana zuwa ƙofar gida da sassafe. Yusufu da Maryamu, da suka kai yaron Haikali, ba su yi ƙaryar arziki ba. Hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya yardar wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Bulus kuma ya ce a Romawa 13:8 kada bashin kowa ya zauna a kanmu sai na ƙauna.

Ɗan Zumuntar Matasa: Idan haka ne, Mama, ni na cika wannan aya, domin duk wanda yake bina bashi ina ƙaunarsa daga nesa.

Jikar Tsohuwa: Ku bari in ba ku labarin kakata. Ba ta iya karatu ba, saboda haka mu jikoki muke karanta mata Littafi Mai Tsarki, kuma kusan kullum Luka sura 2 take so, ko a watan Yuni ne ko Agusta. Idan muka ce, "Kaka, ai lokacinsa ya wuce," sai ta ce, "An mayar da yaron ne ban ji ba?" Wurin da ta fi so shi ne labarin Hannatu, gwauruwar nan da ba ta rabuwa da Haikali, tana azumi da addu'a dare da rana. Takan ce kowa yana zancen daren da mala'iku suka yi waƙa, ba mai zancen shekarun da tsohuwar nan ta yi tana zuwa ba ta ga kome ba. A shekarar da kakanmu ya rasu, jim kaɗan bayan Kirsimeti, an bar ta da bashin jinya mai nauyi. Maƙwabciyarta ta yi mata habaici da wannan karin maganar, ita kuwa ta amsa da cewa komai nisan dare gari zai waye, ta ci gaba da aikinta har ta biya. Abin da ya fi ba ni dariya, da maƙwabciyar ta kwanta ciwo, kakata ce ta tura ni in karanta mata Luka sura 2.

Ɗan Zumuntar Matasa: Da kakarki tana raye da mun kai ta ta yi wa wasu manya karatu, waɗanda ba sa tuna hanyar majami'a sai shekarar zaɓe, su zauna a kujerar gaba su yi alkawarin rufin kwano. A nan zaɓe ne yake wucewa ya bar talaka da alkawari.

Malamar Lissafi: To, a wannan lissafin wane ne wawan, mai alkawarin ko mu masu tafi?

Dattijon Ikilisiya: 'Ya'yana, kada ku haɗa alkawarin waɗannan mutane da alkawarin Allah da Saminu, mutumin nan na Luka sura 2, ya jira har ya rungumi jariri Yesu da hannunsa a Haikali. Romawa 8:24 ta ce begen abin da ake gani ba bege ba ne.

Ɗan Zumuntar Matasa: Baba, rufin kwanon nan ma har yau ba mu gan shi ba.

Mai Tambaya: Ni dai har yanzu ba a raba mini gardamar ba, kuma ranar Laraba zan haɗu da 'yar'uwar nan a nazarin Littafi Mai Tsarki. Jikar Tsohuwa, maƙwabciyar ta yarda an karanta mata kuwa?