Na gama rera waƙata amma ba wanda ya gane na gama, ina matsalar take?

Ɗan Tela:

Assalamu alaikum ma'abota alƙalami. Dan Allah shawara nake nema akan wani abu da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar. Na rubuta waƙar ta'aziyyar mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu ana saura kwana tara ƙaramar sallah. Baiti 24 ce, 'yar ƙwar biyu wato kowane baiti ɗango (layi) biyu, amsa-amonta "re", kuma na fi wata uku ina gyaranta. To ranar Asabar a zaman da muke yi na marubuta aka ba ni dama na rera, wlh tun daga baiti na biyar wajen ya yi tsit har na hango wani dattijo ya cire tabarau yana goge ido, amma da na kai ƙarshe na yi shiru sai kowa ya zuba min ido ana jiran in ci gaba, sai da na buɗe baki na ce "shikenan" sannan aka fara masha Allah. Abin ya dame ni ƙwarai saboda waƙar Baba ce, bana son ta fita da rauni. Ga yadda na rufe ta:

Duniya ba wurin zama ba ce,
Kowa ya zo ta sai ya jure.
Mu yi haƙuri mu bar wa Allah,
Nan ne waƙata za ta ƙare.

Har faɗa na yi a ciki cewa ta ƙare amma duk da haka ba a ji ba. Me ya kamata in yi?

Mai Gafaka:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka ya sa ya huta, ɗana. Abin da ka rasa shi ake kira marufi, kuma magabata ba sa wasa da shi. In ka duba rubutattun waƙoƙinmu tun daga zamanin jihadin 1804 za ka ga da yabon Allah da salatin Annabi ake buɗewa, da su kuma ake rufewa, a ce tammat, a yi hamdala. Mai sauraro da ya ji an shigo nan ya san an iso gida, ba sai an gaya masa ba.

Kuma akwai dalilin da ya sa ƙarshen yake ɗaukar kaya da yawa haka. A da da hannu ake kwafar waƙa cikin ajami, a warwaren takardu da ake adanawa a gafaka, babu bango balle a rubuta sunan mai ita a kai. Shi ya sa mawaƙi kan saka sunansa a baitocin ƙarshe, wani ya faɗi adadin baitocin don kar mai kwafa ya zubar da wasu ko ya ƙara nasa, sannan ya sa ramzi, wato shekarar da ya yi waƙar amma da haruffa. A lissafin da malamanmu ke bi na Magariba shinun 1000 ne, ra 200, fa 80, to ka ga in aka haɗa su aka ce "sharaf" ana nufin 1280 ta hijira kenan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da irin wannan ramzin ne aka san shekarun waƙoƙinta da dama. Ko a balagar Larabci akwai babin da ake ce wa husnul hitam, kyan rufewa. Ka mayar da salati da addu'a a ƙarshen waƙarka, za ka ga bambanci.

Gimbiyar Alƙalami:

Allah ya jiƙan Baba. Baba Malam ya yi bayani mai gamsarwa kuma ni kaina yau na fahimci lissafin ramzi, Allah ya ƙara girma. Amma ku yi min afuwa Baba, ni ina ganin ko da ya ƙara salati gobe matsalar tana nan, don tammat sanarwa ce kawai cewa an tsaya, ba ita ke sa waƙa ta zauna a zuciya ba.

Ƙanina ka sake karanta baitocin nan biyu da ka turo. Ina mahaifinka a ciki? Babu shi. Wannan maganar ta duniya ba wurin zama ba ce ana iya yinta a ta'aziyyar kowa, a gidan sarki ko gidan talaka, kullum muna jinta a zaman makoki har kunne ya saba ya daina tsayawa a kanta. Ka yi baiti ashirin kana nuna mana mutum ɗaya tak da ba shi da na biyu a wajenka, da ka zo inda ya fi ko'ina muhimmanci sai ka sake shi ka kama maganar kowa da kowa. Shi ya sa suka yi ta jira, su a ransu baka gama da Baba ba tukuna. Sannan ɗangon ƙarshen nan na "za ta ƙare" ina zargin amsa-amo ne ya ja ka, ka ƙarar da kalmomin "re" masu nauyi a sama sai wannan ta rage. Nima ya sha faruwa da ni, shi ya sa yanzu in na zaɓi amsa-amo sai in ware kalmar da ta fi min tsada in ajiye ta gefe, bana taɓa ta sai baitin ƙarshe.

Tambaya ɗaya, a wane baiti ne dattijon nan ya cire tabarau? Turo mana shi.

Ɗan Tela:

Anti kamar kina wajen. A na 16 da 17 ne, kuma ni kaina a nan muryata ta fara rawa. Baba tela ne, shekara da shekaru yana ɗinki a zauren gidanmu, ya yanka min yadin sallah ya ce sai ya sallami na mutane zai ɗinka nawa, to bai samu yi ba.

Rigar sallar da ka yanka min,
Tana nan ninke cikin zaure.
Kekenka ba mai taɓa shi Baba,
Har yau allura tana da zare.

Gimbiyar Alƙalami:

Subhanallah. To ai ga ƙarshen waƙarka nan ka binne shi a tsakiya. Wlh na karanta sai da na ajiye wayar. Duk abin da ka faɗa bayan wannan bayani ne kake wa mutanen da suka riga suka gane. Ni dai da tawa ce zan ɗauko waɗannan biyun in kai su can ƙasa, baitoci bakwai ɗin da suka biyo baya in duba wanda ke da abin faɗa in mayar da shi sama, sauran in haƙura da su ko da ina sonsu. Zaren nan da ke cikin allura ya faɗi haƙurin da rashin tabbas ɗin duniyar gaba ɗaya ba tare da ka ambace su ba.

Mai Gafaka:

'Yata kin yi gaskiya a nan, baitin yana da ƙarfi, ban musa ba. Sai dai waƙar mamaci ce, ni raina ba zai kwanta ba a tashi daga kanta ba a roƙa masa gafara ba. Ba dole sai baiti biyar ba, ɗaya ya isa, amma ya kasance addu'ar ta fito daga jikin waƙar, ta tela ce ake yi wa ɗan Adam ɗin da ya tufatar da mutane, ka roƙa masa tufafin Aljanna. Sannan ɗana ka rera ɗangon "Kekenka ba mai taɓa shi Baba" da ƙarfi ka saurara, ya ɗan fi 'yan uwansa tsawo, karin yana tuntuɓe a wajen. A tsakiyar waƙa ana iya yafe wannan, a marufi kunne ba ya yafewa.

Bazazzagiya:

Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni ba marubuciya ba ce sosai, mai sauraro ce, amma in za a ji tawa a sa addu'ar kafin baitin keken, a yi salati a roƙa masa rahama sannan a rufe da zaren. Haka ba a bar addu'a ba kuma abin da mutum zai tafi da shi gida shine zauren nan. Kuma ranar da za ka sake rerawa ka sassauta murya a ɗangon ƙarshe, ka ja shi a hankali, kar ka ɗago kai da wuri.

Ɗan Tela:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Daren jiya na zauna a zauren na gwada duka biyun, na yi rikodin a waya ina saurara. Na cire baiti biyar, yanzu saura 19, da na addu'ar tufafin Aljanna da Baba Malam ya ce 20 kenan. Har yanzu ban yanke ba ko shi zai zo ƙarshe ko na zaren, in na sa addu'ar a ƙarshe sai in ji nutsuwa, in na sa zaren sai in kasa magana. Ranar Juma'a zan rera wa Hajiyarmu duka biyun, wanda ta zaɓa shi zan bari. Baba Malam dan Allah ɗangon keken nan, in na cire "Baba" na ce "Kekenka ba mai taɓa shi yau" ya daidaita ko har yanzu da saura?