Abin da makarantun sakandare suka yi wa ɗalibai da iyaye a lokacin kullen korona

Ɗan kwamitin iyaye da malamai, Zariya:

Assalamu alaikum ’yan uwa. Kwamitinmu yana son ya rubuta tsarin da makaranta za ta bi idan aka sake rufe ta na tsawon lokaci, ko saboda annoba ko saboda rashin tsaro, don haka nake roƙon duk wanda yake da ɗa a sakandare ko yake koyarwa a shekarar 2020 ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa. An sallami yara a watan Maris ana gab da kammala zango na biyu, kuma in ban da masu jarrabawar fita, yawancinsu ba su sake shiga aji ba sai watan Oktoba ko bayansa. A tsakanin nan, me makarantunku suka yi?

Wata uwa, Kano:

Wa’alaikumus salam, Malam. Mu a nan an kulle gari ranar 16 ga Afrilu, bayan mako guda azumi ya kama, maigidan kuma ɗan kasuwa ne wanda sai ya fita ake ɗora tukunya, don haka da farko babu wanda karatu ya zo masa a rai. ’Yata tana aji huɗu a makarantar jeka-ka-dawo, kuma abin da ya dawo da ita kan littafi bai wuce takarda da rediyo ba. Da gwamnati ta fara sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis, sai makarantar ta riƙa buga tambayoyi tana ajiyewa a wurin maigadi, kowane aji da kwalinsa, yaro ya je ya karɓa, in ranar fita ta zagayo ya mayar da wanda ya amsa. Malamar ajinsu kuma takan turo saƙon waya ta sanar da mu lokacin da za a sa darasi a rediyo. Waya ɗaya ce a gidan, ta maigida, kuma malamar ta gane haka, shi ya sa takan bari sai bayan an sha ruwa ta kira, ta gaisa da ni, ta tambayi lafiyar gida, sannan ta ce a ba ta yarinyar. Wata rana da ta ji muryarta a sanyaye, ba ta yi zancen darasi ba ko kaɗan, sai da ta tabbatar mun samu abin buɗa baki. Har yanzu ina sa ta a addu’a.

Malamin lissafi a makarantar kuɗi, Kaduna:

Hajiya, Allah ya saka wa wannan malama da alheri. Mu mun fara da darasin bidiyo kai tsaye, amma bai yi nisa ba, saboda kuɗin data da rashin wuta sun hana mafi yawan yara shiga, waɗanda suke shiga ɗin ma su ne dama suke da mai koya musu a gida. Daga baya muka koma WhatsApp: in warware lissafi a takarda, in ɗauki hotonta, in bi ta da gajeren saƙon murya, yaro ya saurara duk lokacin da wayar mahaifinsa ta dawo gida. Sai dai ina roƙon kwamiti ya tuna da malamai, domin da aka daina biyan kuɗin makaranta albashinmu ya tsaya cak, wasu abokan aikina suka kama wata sana’ar kuma ba su dawo ba. Iyaye ne suka haɗa mana shinkafa da mai kafin ƙaramar salla.

Tsohon ɗalibi, Katsina:

Ina aji shida a lokacin. Gwamnatin tarayya ta ce mu koma ranar 4 ga Agusta, WAEC kuma ta fara ranar 17, wato mako biyu kacal na bita bayan fiye da wata huɗu a gida. Shugaban makarantarmu ya sa tela ya ɗinka mana takunkumi, aka jera bokitai masu famfo da sabulu a bakin ajujuwa, kuma malaman kimiyya suka buɗe ɗakin gwaje-gwaje har da ranakun hutu, tun da abin da ake yi da hannu ba ya koyuwa ta rediyo.

Malama a makarantar kwana ta ’yan mata:

Malam, ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiran suna a makon da aka dawo. Akwai gadajen da suka zauna babu kowa, da muka bincika sai muka tarar wasu an ɗaura musu aure da damina, wasu kuma talla ta riƙe su. Ba na zargin iyaye, domin mutumin da ya ga ’yarsa ta yi wata shida a gida, babu wanda ya kira shi daga makaranta, kuma babu ranar komawa, dole ya yi nasa lissafin. Lambobin wayar da suke cikin rajistarmu da yawa sun daina aiki, kuma ɗalibanmu sun fito daga ƙananan hukumomi daban-daban. Waɗanda muka iya dawowa da su, ta hannun masu unguwa da limamai muka bi, muka zauna da iyaye muka yi musu bayani, har aka ɗaga wa wasu ƙafa kan kayan komawa. Shawarata ita ce a sabunta lambobin iyaye a farkon kowane zango, a haɗa da lambar maƙwabci ko mai unguwa, sannan a raba wa kowane malami gidajen da zai riƙa kira tun daga makon farko na rufewa, makaranta kuma ta ba shi kuɗin kati.